Ciyawar Clarrie Dunstan

Fari ya gama da komai a garin Wirrandah: alkama, tumaki, har da auren mutum biyu. Ciyawar filin kulob ɗin masu wasan mirgina ƙwallo ce kaɗai labarin bai kai gare ta ba. Tana nan koriya shar.

Clarrie Dunstan, shugaban kulob ɗin, ya ce ƙwarewa ce. Ba a yi masa musu ba, domin giyar kulob ɗin ta fi ta ko'ina sanyi. A watan gobe kuma za a yi gasar yanki a filinsa, abin da ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana nema. Abu ɗaya ya rage: injiniyar kariyar gobara ta duba ginin ta amince.

Sunanta Noeleen Petrakis. Ta iso da hantsi, wani tsoho ne ya tuƙo ta. Ya ajiye motar a inuwar bishiyar turare, ya ja hula ya rufe fuska.

"Direban naki ba zai shigo ya jiƙa maƙoshi ba?" in ji Clarrie.

"Ba ya shiga kulob."

Ta fara da tukwanen kashe wuta, ta gwada ƙararrawa, ta tura ƙofofin gudu ɗaya bayan ɗaya. Ta hau tsani ta leƙa kawunan feshin ruwa da ke silin. Komai lafiya. Clarrie na biye da ita yana ba ta tarihi, abin da ba ta tambaya ba.

"Kin ga filin can, 'yar nan? A farin da ya wuce wani mai lambu muka yi, Merv Tonkin. Ya zuba ido ciyawa ta mutu. Wai ƙa'ida. A gaban dukan membobi na karɓi makullansa, ranar rabon kofuna. Har yau yara na kiransa Angon Ƙura."

"Abin dariya," in ji ta, ba tare da ta yi ba.

Suka fita bayan ginin, inda tankin ruwan gobara yake tsaye. Ruwan cikinsa na ranar gobara ne kawai, shi ke ciyar da kawunan feshin. Ta ƙwanƙwasa shi da sifana daidai kafaɗarta. Ya amsa kamar ganga, alamar ba ruwa. Ta ƙwanƙwasa daidai gwiwa. Ganga dai.

"Zafi ne," in ji Clarrie. "Yana shanye ruwa."

"Rufaffen tanki?"

Ba ta yi dube-dube ba. Ta nufi wani kurmin furanni da ke gefen katanga, ta ɗaga rassansa da ƙafa. Ga siririn bututu baƙi ya fito daga gindin tankin ya nutse ƙasa, ya nufi fili.

Clarrie ya cire hula. Ya yi maganar gasa, da tsofaffin da ba su da wani abin jin daɗi, da ciwon zuciyarsa. Ya roƙe ta kada ta rufe kulob ɗin.

"Wa ya ce zan rufe? Gyara ne ƙarami, Mista Dunstan."

Ta sa aka kira mai gyaran famfo ya yanke bututun a gabanta. Ta ce a cika tankin kafin magariba. Ta ɗaure kan famfon da waya, ta danna masa hatimin dalma. Duk wanda ya karya hatimin, in ji ta, da kotu zai yi magana. Za ta riƙa biyowa tana dubawa, hanyarta ce.

"To ciyawar fa? Hukuma ta hana ban ruwa da na famfo."

"Ni kashe gobara na karanta."

Ta yi masa fatan alheri a gasar, ta koma mota. Tsohon ya ɗaga hularsa, ya daɗe yana kallon filin.

"A ina kika sami bututun?" ya tambaya.

"Ƙarƙashin furannin. Daidai inda Clarrie ya nuna maka ka haƙa, ka ƙi."

"Mutumin ba ya canza shawara."

"Kwana nawa ciyawar za ta yi, Baba?"

Mahaifinta, Merv Tonkin, ya tayar da mota.

"A hannuna ta yi wata biyu ba ruwa. Shi bai iya ba."