Ɗakin da Aka Yi wa Kwalliyar Aro

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, aka fara zaluntar wata ɗaliba, kuma waɗanda suka zalunce ta da niyyar alheri suka baro gidajensu. Ƙungiyar 'yan asalin garinsu ce ta tara kuɗi don ta rage wa 'ya'yanta da ke jami'a nauyin haya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: mai nema ya rubuta halin da masaukinsa yake ciki, kwamiti ya zo ya gani da ido. Ɗalibar 'yar wani maƙeri ce, tana shekarar ƙarshe. Ba ta samu gado a cikin makaranta ba, sai ta kama ɗaki a wani gidan haya da ke bayan katangar jami'a, ɗakin da a da ake zuba gawayi a ciki. Ta rubuta gaskiya tsantsa: tabarma ɗaya, katifar da ta lotsa, kwanon rufi da tsatsa ta cinye, da roƙon a cika mata kuɗi ta koma ɗakin kirki kafin damina.

Ana gobe kwamiti zai zo, matan gidan suka ji cewa baƙi na tafe daga garinsu, har da wani dattijo da ya san ubanta. Mai ƙosai ta ɗakin kusa ta leƙo, ta dubi ɗakin sama da ƙasa, ta ce, "'Yar nan, mutanen garinku su same ki a haka, su koma su ce a juji muka ajiye ki? Ba dai a gidan nan ba." Kafin la'asar an shigo da kafet ɗin amaryar ɗakin ƙarshe, da fankar matar direba, da labule mai furanni. Wata mai ɗinki ta haɗa fararen zannuwa biyu aka ɗaure a sama, suka rufe kwanon ruf. Ɗalibar ta san wannan kwalliya ba za ta amfane ta ba. Amma ta bar su suka gama, domin wanda ya ɗauko kafet ɗinsa a ka ya kawo maka, ba ka iya ce masa ya mayar.

Mutum uku suka zo. Maza biyun suka tsaya a bakin ƙofa, macen ta shiga ta zauna, aka kawo zoɓo mai sanyi. Dattijon ya tambaye ta karatu da zaman gida, ta ce alhamdu lillahi, yadda aka koya mata ta amsa wa babba ko da ciwo yana cin ta. Minti shida suka yi. Babu wanda ya ɗaga zanen nan ya dubi abin da ke bayansa, babu wanda ya tambayi fankar ta wace ce. A taron ƙarshen wata, a filin firamaren garinsu, sakataren ƙungiya ya riƙe lasifika ya karanta sunanta cikin waɗanda suka yi ƙarya don su ci tallafi, aka haramta mata shi har ta gama karatu. Ubanta yana zaune a layi na uku. Ya sa takalmansa ya fita. Daga ranar, masu kawo gyaran fartanya sukan gaishe shi su kau da kai.

Ruwan farko ya sauka ranar tara ga Mayu, da rana tsaka, tana aji. Kafet da fanka da zannuwa sun daɗe da komawa wurin masu su. Da ta dawo, ta tarar matan gidan suna kwashe ruwa daga ɗakinta da ƙorai, mai ƙosai ta kasa haɗa ido da ita. Takardun bincikenta na kammala karatu, amsoshin manoma ɗari da ashirin da ta bi ƙauye-ƙauye ta tattaro da ƙafarta, sun jiƙe sun dame kamar kamu. Malaminta ya ce sai ta sake, wato ƙarin zango guda. Da labari ya kai ga shugaban kwamiti, sai ya aiko direbansa da ambulan ɗin kuɗi, da saƙon a yi haƙuri a bar maganar a nan. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi sau ɗaya, ta mayar. Ta ce, "Ka ce wa Baba na gode. Amma ba a cikin ambulan aka kira ni maƙaryaciya ba."

Ta yi daidai. Abin da aka ɓata da lasifika, da lasifika ake gyara shi. Hakkin da ke kan ƙungiyar shi ne ta koma wannan fili, ranar taro, a zaunar da maƙerin a gaba, sakataren ya miƙe ya kira cikakken sunan 'yarsa, ya ce ta faɗi gaskiya, kwamiti ne ya yi kuskure, ya nemi gafararsu jama'a suna ji. Bayan nan a yi zancen haya. Kuma duk wanda za a sake turawa duba masaukin ɗalibi, ya zauna ya saurari mai kwana a ciki kafin ya rubuta abin da idonsa ya gani a minti shida, domin Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.