Ƙofar da Ke Duba Fuska

Tun da aka kafa na'urar karanta fuska a ƙofar asibiti, sai wanda damuwa ta bayyana a fuskarsa ke shiga dubiya.

Inna Tabawa ta zo ganin Barau, ɗanta na fari, wanda shekara arba'in kunya ta hana ta ko kiran sunansa. Jar fitila ta kama.

"Inna, ɗan ɓata fuska mana," in ji mai gadi. "Ai ko maƙwabciyarki ta wuce."

"A kan ɗan fari? A gaban jama'a? Ba haka aka rene mu ba."

Ta zauna a dakali har la'asar. Da maƙwabciyar ta fito tana salati, riƙe da takalman Barau, leɓen Tabawa ya soma rawa. Sai ƙofa ta buɗe mata.