Ƙwan da Ya Dahu a Garatu

Sau uku ke nan injin ƙyanƙyasa na wata gonar kaji a Garatu yana dafa ƙwai maimakon ya fitar da 'yan tsaki. Manaja Abdulhafiz bai wahalar da kansa da bincike ba. Ya ce aikin Yona ne, mai kula da ɗakin injin, magidancin da ya shekara tara a gonar. Ranar Juma'a za a sallame shi.

Mai gonar, Alhaji Ndako, ya ce a kira injiniya tukuna.

Injiniya Kafayatu ta zo daga Tudun Fulani da osiloskop, na'ura mai allo da ke nuna saƙon da ke bin waya. Manaja ya leƙa ya ce, "Talabijin kika kawo mana?"

Ta maƙala na'urar a wayoyin da ma'aunin zafi ke aika saƙo ta cikinsu zuwa ƙwaƙwalwar injin. In saƙon ya gurɓace, ƙwaƙwalwar kan ruɗe ta bar hita a kunne. Sai ta ɗana tarko: da zarar gurɓataccen saƙo ya gifta, allon zai tsaya cak.

Awa biyu saƙo na wucewa lafiya. Yona na aikinsa. Manaja na can tsakar gona yana rabon umarni ta oba-oba, rediyon hannu na magana, ko da wanda yake kira na tsaye gabansa.

Da hantsi ya shigo tare da Alhaji, ya jingina da injin, ya kira maigadi ta oba-oba ya ce kada a bar Yona ya fita ƙofa.

Allo ya tsaya cak.

Manaja ya nuna Yona ya ce, "Kun gani ko? Ga shi nan a tsaye."

Kafayatu ta sake ɗana tarkon, ta ce Yona ya fita waje. Manaja ya sanar da maigadi cewa ga shi nan tafe. Allo ya sake tsayawa.

Manaja ya juya ga Alhaji ya ce, "Daga nesa ma yana yi. Ranka ya daɗe, wannan ya wuce ganganci, asiri ne. Duk mai hannu a ciki bai kamata ya kwana a gonar nan ba."

Alhaji ya dubi Kafayatu. Tana naɗe wayoyinta ta ce, "Alhaji, injin lafiyarsa ƙalau, Yona ma haka. Injin ba ya ruɗewa sai in Manaja ya danna oba-obarsa a kusa da shi."