Mai Gyaran Rediyo da Ƙwan Zabuwa

Na ji an ce gobe za ka tafi birni neman masanin da zai gaya maka abin da ke damun gonarka, alhali ga yayanka nan, shekara talatin yana noma a gefenka, ko sau ɗaya ba ka tambaye shi ba. To, ja tabarma ka zauna, ɗana, in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran rediyo a wani gari, mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa. Tun safe rediyo ke kuka a shagonsa, shi kuwa kunnensa ba ya zubar da komai. Tambaye shi babban birnin ƙasar da ko sunanta ba ka iya faɗa, kafin ka rufe baki ya ba ka. Idan gardama ta kaure a majalisa, sai a ce a je wajen mai rediyo a raba ta. Mutumin nan ya sani, kuma ya san ya sani, nan ne fa gizo yake saƙar. Ana nan sai gidan talabijin ya sa gasar kacici-kacici: tambaya goma, wanda ya cinye duka a ba shi injin niƙa sabo fil. Matarsa kuwa, mai kiwon kaji da zabi a tsakar gida, ta daɗe tana burin injin nan, don unguwarsu kaf babu ko ɗaya. Ya buga ƙirji ya ce mata ta share wurin ajiye shi. Dokar gasar ita ce kowane ɗan takara ya ba da lambar mutum ɗaya, wanda zai kira sau ɗaya tak idan ya kakare. Matar ta ce, cikin wasa, ya ba da tata mana. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ke da iliminki bai wuce bakin akurki ba?" Ya je ya ba da lambar amininsa, wani tsohon hedimasta.

Ranar Asabar bayan la'asar aka soma, kai tsaye ake nunawa. Kai, ka ga gari ranar! Maza sun yi cincirindo a shagonsa, mata sun cika tsakar gidansa maƙil, an fito da talabijin an ɗora a kan turmi, an tada janareta. Ga mutuminka nan a cikin gilashi, ya sha babbar riga, hula ta karkace. Aka tambaye shi kogin da ya fi tsawo a Afirka, ya amsa tun mai tambaya bai dire ba. Aka tambaye shi yawan ƙasusuwan jikin mutum, ya faɗa yana murmushi. Duk amsar da ya bayar, sai guɗa ta tashi a gidan, maza a waje su ɗauka da tafi. Ta bakwai, ta takwas, ta tara, wallahi kamar mai tsinkar ɗanyen kuɓewa! Wata maƙwabciya har ta fara kama layi, wai ita ce ta farko a niƙa. Sai mai gabatarwa ya gyara zama, ya ce saura ɗaya, kuma ta gida ce: kwana nawa ƙwan zabuwa yake yi kafin a ƙyanƙyashe shi?

Mutuminka ya yi tsuru-tsuru, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. A gida kuwa matar ta yi zumbur ta miƙe, tana ihu a fuskar talabijin: "Juma'a huɗu! Ashirin da takwas, Malam, ashirin da takwas!" Ina zai ji? Ka san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa mata ke kwashe ƙwanta su sa wa kaza. Damina goma sha biyar matar nan tana wannan aiki, tana ƙidaya Juma'o'i a yatsunta, kuma a daidai lokacin ma ga wata jar kaza can bayanta kwance a kan ƙwan zabi goma sha biyu. Ta finciki waya ta kira shi, a kashe. Shi kuma ya ce a kira masa hedimasta. Hedimasta ya yi gyaran murya, ya ce ai ƙwai ƙwai ne, ashirin da ɗaya kamar na kaza. Mutuminka ya maimaita amsar da ƙarfinsa. Ƙararrawa ta yi ƙara, guɗa ta mutu a bakin mata, injin niƙa ya tafi. Agogon bango aka ba shi na rarrashi.

Washegari ya dawo da agogonsa a hammata, kai a sunkuye. Matar ta yi masa sannu da zuwa, ta ba shi ruwa. Da ya sha, sai ta ja hannunsa, suka wuce ta wurin da ta share wa injin, ta buɗe akurki. Ga 'yan zabi nan sun fara fasa ƙwai, ranar suka cika ashirin da takwas cif. Akurkin nan kullum da safe sai ya gifta shi da buta a hannu. Ya tsuguna yana kallonsu, kunya ta hana shi ɗago ido.

To, kai ma kafin ka hau mota gobe, ka fara leƙawa gidan yayanka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.