Kan Da Ya Rufe Ruf

"Taɓa ki ji," in ji surukata, ta ɗora yatsa a tsakiyar kan ɗana. "Wata takwas, amma wurin na ta bugawa. Kayar da shi kika yi, ki faɗi gaskiya."

Na janye yarona. "Mama, ban kayar da shi ba."

Faccalata, matar ƙanen mijina, ta taɓe baki tana gyara goyo. "Nawa watansa uku, kansa ya rufe ruf kamar dutse. Reno ai iyawa ne."

Suka tasa ni gaba har asibiti, wai a tona min asiri.

Likitar ta shafa kan ɗana. "Maɗiga ce, lafiya ƙalau take. Ƙasusuwan kan jariri ba a haɗe suke ba, don ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. A hankali suke haɗewa. Wannan gurbin yakan wuce shekara bai rufe ba."

"To ga wanda nasa ya rufe tun yanzu," surukata ta ce da gadara. "Kwanto shi ta ga kan kirki."

Faccalata ta kwanto shi tana harara ta. Likitar ta bi kansa da yatsa daga goshi zuwa ƙeya, ta sake bi. Murmushinta ya ɗauke.

"Ke, tafi gida da naki," ta ce min. Sannan ta juya ga faccalata. "Ke kuma zauna, bai kamata kansa ya rufe tun yanzu ba. Tun yaushe wannan tudun ya fito masa?"