Tabon Da Likita Ba Ta Zagaye Ba

Likita ta zagaye tabo na huɗu a bayansa da biro.

"Baba, kansar fata ce, har iri uku a jiki ɗaya. Ba kasafai muke ganin haka ba. Babu wanda ya lura suna girma?"

"Mutum na ganin bayansa ne, 'yata? Mai cuɗa mini ta rasu shekara uku ke nan."

"Allah ya jiƙanta. Gobe za mu cire su."

"Har da na ƙasan kafaɗar hagu?"

"A'a, wannan tawadar Allah ce, lafiyarta lau."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"To, a bar mini ita. Nan take danna yatsa in ta gama, ta ce, 'Tashi, maigida, ka fita fes.'"