Mai Fito da Kachala

Tanimu, na ji kukanka. Ka ce ƙungiyarku ta kira gayyar share kogi, kun bi masallatai da makarantu kuna shela, amma ranar aiki ba a ga kowa ba sai ku 'yan tsiraru, har kana tunanin ajiye shugabancin. Gyara zama in ba ka wani misali, in ka ji sai ka yanke shawararka.

An yi wani mai fito a wani gari na bakin kogi. Kwalekwalen ubansa ya gada, da shi yake ƙetarar da 'yan kasuwa da marasa lafiya da 'yan kai amarya. Ana nan sai kachala ta shigo kogin, ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, mai saiwa kamar igiya. Ta fara daga gefe, kowace shekara tana matsowa, har ta haɗe gaɓa da gaɓa. Ruwa ya daina gudu, ya kwanta yana wari. Masunta suka rataye komarsu suka tafi ci-rani. Tsuntsayen jan-baki suka mai da ciyawar gidansu, su tashi kamar hadari su sauka a kan shinkafar mutane. Garuruwan da ke ƙasa kuwa, ruwa bai ƙara isa fadamarsu ba. Kowa ya ce abin ya fi ƙarfin talaka, sai dai hukuma ta kawo inji. Ana cikin jiran injin nan haihuwa ta zo wa wata mata da gardama a tsallake. Aka rasa ta inda kwalekwale zai bi, aka zagaya da ita ta tudu a kan amalanke, ba ta kai asibiti ba. Mai fiton yana cikin waɗanda suka raka ta makwancinta. Da ya dawo gida, sai ya ɗauko laujensa ya wasa.

Washegari ya shiga ruwa har ƙirji ya kama yanka. Bai ɗaukar wa kansa share kogi duka ba, faɗin kwalekwalensa kawai ya auna. Ganyen kachala ya tsattsaga masa hannu, matsattsaku suka manne masa a ƙafa, ya fito ya ɓamɓare su ya koma. Kafin ya yi nisa, inda ya fara yankewa ya sake tohowa kore shar, har ya fi na da kauri. Masu zaman gindin tsamiya suna hango shi suna dariya, suna cewa, "Malam, ai aski kake yi mata, ta gode!" Matarsa ma da ta ga hannuwansa ta ce, "Maigida, aikin nan ba zai ƙare ba, kai ne za ka ƙare." Ya ce, "In na zauna ma ƙarewa zan yi. Gara ta same ni a tsaye." Ya koma farko. A wannan karon ne ya lura cewa wadda ya yanke a saman ruwa ita ke tohowa, wadda kuwa ya yanke can ƙasa, ruwa ya rufe kututturenta, ruɓewa take yi. Daga nan ya riƙa sunkuyawa yana lalubo gindinta kusa da laka. Wahala ta ƙaru, tafiya ta ragu, amma abin da ya yanke ya yanku.

Sannu a hankali wata siririyar hanya ta buɗe a tsakiyar ciyawa, ruwa ya sami kafa ya fara tafiya. Wani manomi a garin ƙasa ya wayi gari ya ga danshi a tsohuwar magudanar lambunsa, wadda ta daɗe a bushe har yara na wasa a ciki. Ya bi gaɓa yana neman inda ruwan ya fito, ya tarar da mutum ɗaya tak a cikin kogi, ba a ganin komai nasa sai kai da kafaɗa. Ya tsaya ya yi kallo, ya ce, "Sannu da aiki." Kashegari ya zo da laujensa da ƙannensa, suka kama daga nasu ɓangaren. Mata suka ga tulin ciyawa a bakin gaɓa, suka kwashe suna shanyawa suna saƙa tabarma da asabari, suna aiko wa masu yanka da fura don kada aiki ya tsaya. Wani masunci da ya zo ganin gida ya jefa koma a sabuwar hanyar don gwaji, ya fito da karfasa, bai koma ci-rani ba. Ranar da masu yanka na sama da na ƙasa suka haɗu, mai fito ya tura kwalekwalensa ya ƙetare, mutane na bin sa da kallo daga gaɓa biyu. Kachala ba ta ƙare ba har yau. Kowace shekara tana dawowa, kowace shekara kuma gari na fita ya tare ta. Yaran da suka tashi ba su taɓa ganin ruwa mai gudu ba, yanzu a mashigin nan ake koya musu iyo.

To ka ji, Tanimu. Mutane sai sun ga ruwa na tafiya suke ɗauko lauje. Ka tattara 'yan tsirarunka ku koma bakin kogi, ku auna abin da hannunku zai iya, ku kama. Hausawa sun ce, da yayyafi kogi kan cika.